Tsara Kuɗin Wuta, Ruwa da Makamashi Kafin Komawa Babban Gida: Bayani ga Masu Shirin Zama a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Gabatarwa

Idan iyali suka ƙaru, ko magidanci ya ƙara aure, ko ya ɗauko mahaifiyarsa da ƙannensa daga ƙauye domin su zauna tare, abu na farko da kan faɗo masa a rai shi ne neman gida mai yalwa. Yakan bi dillalai, ya tambayi kuɗin haya na shekara, ya tara, ya biya, ya kwashe kaya. Sai bayan wata biyu ko uku da tarewa yake gane cewa akwai wani kuɗin da ba a faɗa masa ba ranar ciniki, wato na wutar lantarki, da ruwa, da man janareta, da iskar gas, da kwashe shara. Kuɗin haya sau ɗaya ake biyansa a shekara, amma waɗannan kullum suna bakin ƙofa.

Wannan bayani an shirya shi ne domin al'ummarmu na karkara da ke shirin komawa birni, da waɗanda ke cikin birnin suna neman gida mafi girma, da kuma dagatai, masu unguwanni, kansiloli da jami'an ƙananan hukumomi waɗanda ake kai wa ƙorafi idan rigima ta tashi tsakanin mai gida da ɗan haya. An ɗauki Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni a matsayin misali, amma hanyar lissafin tana aiki a kowace unguwa.

Ƙaramar hukumar Tarauni tana cikin ƙananan hukumomi 8 da suka haɗu suka zama birnin Kano da kewayensa, hedikwatarta kuma tana Unguwa Uku. A ƙidayar 2006 an sami mutum sama da 220,000 a cikinta. Daga cikin mazaɓunta akwai Gyaɗi-Gyaɗi Arewa, Gyaɗi-Gyaɗi Kudu, Tarauni, Darmanawa, Daurawa da Babban Giji. Titin Zariya ya ratsa ta, shi ya sa mutanen Kura, Dawakin Kudu, Bunkure da Rano kan fara sauka nan idan sun shigo birni, ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke jawo ma'aikata da 'yan kasuwa. A yankin akwai tsofaffin gidajen haya masu ɗaki ciki da falo, akwai kuma manyan gidaje masu ɗakuna huɗu ko biyar, kuma sau da yawa tafiyar minti goma ce tsakaninsu. Amma abin da zama a cikinsu yake ci a wata ya sha bamban ƙwarai.

Abin da ke canjawa idan gida ya girma

Mutumin da ya taso daga karkara ya saba da ɗebo ruwa a rijiya ko a famfon tuƙa-tuƙa na gari, ya saba da kara da itacen gona, shara kuma taki ce da ake kai wa gona. A birni duk waɗannan da kuɗi ake samunsu ko ake rabuwa da su. Wanda kuma yake cikin birni tun da, yakan ɗauka cewa idan ɗakuna sun ninka biyu, kuɗin wuta da ruwa ma biyu za su ninka. Ba haka abin yake ba. Babban gida yakan zo da kayan da ƙaramin ba shi da su sam: injin jawo ruwa, tankin sama, ban-ɗaki mai ruwa a kowane ɗaki, fitilun tsakar gida da na ƙofar gida da ke kwana a kunne. Haka kuma gida mai yalwa yana jawo baƙi, ɗan'uwan da ya zo jinya asibiti ko ɗalibin da ya zo karatu duk nan za su sauka.

Saboda haka ka'ida ta farko ita ce, a yi lissafi da ma'auni kafin a yi shi da naira. Farashi yana canjawa kowane lokaci, amma yawan yunit ɗin wuta, da jarkokin ruwa, da kilo na gas da gida ke buƙata ba sa canjawa sai idan mutane ko kayan aiki sun ƙaru. Wanda ya san ma'aunin gidansa, duk ranar da farashi ya tashi zai iya sake lissafinsa cikin minti biyar.

Wutar lantarki

Tun daga watan Nuwamba na 2013, lokacin da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta da suka fito daga tsohuwar NEPA, kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta a jihohin Kano, Katsina da Jigawa. A 2020 hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kasa masu amfani da wuta zuwa rukuni biyar bisa yawan awannin da ya kamata su samu a rana: rukunin A aƙalla awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Kowane rukuni da farashinsa. A watan Afrilu na 2024 an ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, aka sauke shi zuwa naira 206.80 a watan Mayu, sannan ya koma naira 209.50 a watan Yuli na wannan shekarar. Sauran rukunan an bar su ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

Abin lura a nan shi ne, rukuni yana bin layin wutar da ya ciyar da taransifomar unguwa ne. Gidaje biyu a mazaɓa ɗaya na iya kasancewa a rukuni daban-daban. Don haka kafin a biya haya, wajibi ne a nemi rasit ɗin katin wuta na ƙarshe ko takardar bil ta gidan, a duba rukuni da farashin yunit. Sannan a tambayi maƙwabta, musamman mai shagon sayar da ruwan sanyi ko tela na layin, awa nawa ake samun wuta a zahiri. Su ne suka fi kowa sani.

Yadda ake lissafin yunit ba shi da wahala. Kowace na'ura tana da ƙarfinta a rubuce a jikinta da ma'aunin wat. A ninka wat ɗin da yawan awannin da take aiki a rana, a raba da 1,000, abin da ya fito shi ne yunit na rana ɗaya. Ga misalin wani gida da muka ƙaddara, mai mutum shida, a ɗaki ciki da falo a Gyaɗi-Gyaɗi:

Ƙwan fitila 4 masu wat 10, awa 6: yunit 0.24
Fanka 2 masu wat 70, awa 8: yunit 1.12
Talabijin 1 mai wat 80, awa 5: yunit 0.4
Ƙaramin firiji: kimanin yunit 1
Dutsen guga mai wat 1,000, minti 15: yunit 0.25

Jimilla yunit 3 a rana, wato kimanin 90 a wata.

Yanzu a ce wannan iyali sun koma gida mai ɗakuna huɗu a Tarauni, sun zama mutum goma:

Ƙwan fitila 16, awa 6: yunit 0.96
Fanka 6, awa 8: yunit 3.36
Talabijin 2, awa 5: yunit 0.8
Firiji da firiza: kimanin yunit 2.5
Dutsen guga, minti 30: yunit 0.5
Injin jawo ruwa mai wat 750, awa 1: yunit 0.75

Jimilla kusan yunit 9 a rana, wato kimanin 266 a wata. Mutanen gidan ba su ko ninka biyu ba, amma wutar ta kusa ninka uku. A farashin rukunin A na watan Yulin 2024, kuɗin ya tashi daga kimanin naira 19,000 zuwa kimanin naira 56,000. Idan kuma aka ƙara na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya mai wat 1,100, tana aiki awa 6 a dare, ita kaɗai za ta sha yunit 198 a wata, fiye da naira 41,000. Duk na'urar da ke samar da zafi ko sanyi, kamar hita, butar lantarki, risho na lantarki da dutsen guga, ita ce ke cinye kati. Fitilu da cajin waya ba su da wani tasiri mai yawa, muddin an bar amfani da tsofaffin ƙwayaye masu wat 60 ko 100.

Akwai abubuwa huɗu da ya kamata a bincika game da mita kafin tarewa. Na farko, shin gidan yana da mita mai kati ko bil ɗin ƙiyasi ake kawowa. A watan Fabrairu na 2020 NERC ta sa iyaka ga abin da za a iya ƙiyasta wa gidan da ba shi da mita, amma duk da haka mai mita ya fi samun kwanciyar hankali, domin abin da ya sha shi zai biya. Na biyu, ko akwai tsohon bashi a kan mitar. Idan akwai, akan riƙa cire wani kaso duk lokacin da aka sayi kati, sai mutum ya ga yunit ɗin da ya samu bai kai na kuɗinsa ba. Ya kamata sabon mai shiga ya sanar da ofishin kamfani a rubuce ranar da ya tare da lambar da ya tarar a mita, kuma a rubuta cikin yarjejeniyar haya wanda zai biya bashin baya. Na uku, idan gidan ya daɗe a rufe, a tabbatar an sabunta mitar, domin mitocin kati da ba a shigar musu da lambobin sabuntawa ba kafin 24 ga Nuwamba, 2024 suna iya ƙin karɓar sabon kati. Na huɗu, a sa ƙwararren mai gyaran wuta ya duba ko an yi haɗin da ya zagaye mita, ko wani maƙwabci ya ja waya daga gidan. Satar wuta laifi ne a doka, kuma wanda aka tarar a gidan shi za a fara tuhuma.

Janareta da sola

Gidan da ke rukunin da ba ya samun wuta sosai yana biyan yunit da arha, amma abin da ya rage a nan yakan tafi gidan mai. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Matsakaicin janareta na gida yana shan kusan lita ɗaya a awa, kuma da wuya lita ɗaya ta ba da fiye da yunit biyu na wuta. Wato wutar janareta ta fi ta rukunin A tsada sau biyu ko fiye, ban da baƙin mai da kuɗin gyara. Wanda ke kunna shi awa huɗu kowane dare yana buƙatar lita 120 a wata.

Saboda haka ya kamata magidanci ya yanke tun farko awa nawa janareta zai yi aiki, da kuma abin da za a kunna da shi. Mafi muhimmanci shi ne cika tankin ruwa da riƙe sanyin firiza. Ga fitilu, fanka da cajin waya, ƙaramar sola mai batir ta fi sauƙi idan aka duba shekara guda, domin Kano ba ta rasa rana. Sai dai a tuna batir yana da wa'adi, kuma dole a riƙa ajiye kuɗin sauya shi. Al'umma ba su manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta jefa Kano da maƙwabtanta cikin duhu na kwanaki masu yawa. Gidajen da ruwansu ya dogara kacokan ga injin lantarki su suka fi shan wahala a lokacin.

Har ila yau, kada a taɓa kunna janareta a cikin ɗaki, ko soro a rufe, ko kusa da tagar da ake kwana. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari da ke kashe mutane cikin barci.

Ruwa

Hukumar Samar da Ruwan Sha ta Jihar Kano tana tace ruwa a Challawa, inda aka fara tun wajajen 1930, da Tamburawa a kan titin Zariya, inda aka gina sabuwar matata mai ƙarfin lita miliyan 150 a rana a zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, da kuma Watari. Amma birnin ya faɗaɗa fiye da bututan da aka shimfiɗa, don haka ganin kan famfo a gida ba ya nufin ruwa yana zuwa. A tambayi matan maƙwabta kwana nawa a mako ake samu, kuma a nemi rasit ɗin hukumar na ƙarshe domin a san ko akwai bashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya yana buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana domin sha, girki, wanka, wanki da tsafta. Idan aka ɗauki mafi ƙaranci, gida mai mutum goma yana buƙatar lita 500 a rana, wato jarka 20 masu lita 25, ko jarka 600 a wata. Idan 'yan garuwa suna sayar da jarka a naira 100, kuɗin ya kama naira 60,000 a wata. A lokacin bazara, ko ranar da aka ɗauke wuta har masu rijiyar burtsatse suka koma janareta, farashin jarka yakan tashi.

Wurin da ruwa ya fi zurarewa a babban gida shi ne ban-ɗakin zamani. Kowace kora tana cin lita 6 zuwa 9. Mutum goma, kowa sau uku a rana, sun kai lita 270 idan tankin koran babba ne, fiye da jarka goma ke nan. Iyalin da suka saba da masai na gargajiya, inda buta ɗaya ta wadatar, su ne wannan ya fi ba mamaki. Haka nan tankin kora da ke yoyo a ɓoye, ko famfon da ke ɗiga dare da rana, kan zubar da tankin sama ba tare da kowa ya lura ba, da yayyafi kuma kogi kan cika. Hanyar gwaji ita ce a cika tanki da yamma, a rufe dukan famfuna, a duba da asuba. Idan ya ragu, akwai yoyo.

Gidan da ke da rijiyar burtsatse ya huta da 'yan garuwa, amma ruwansa ma ba kyauta ba ne. Injin yana shan wuta, yana kuma ƙonewa idan wuta ta zo da ƙarfi ko ruwa ya yi ƙasa a watan Afrilu da Mayu. A tabbatar an rubuta wanda zai ɗauki nauyin gyaransa, mai gida ko ɗan haya. A kuma duba tazarar da ke tsakanin rijiya da ramin ban-ɗaki. Masana lafiya suna son ta kai mita 30, abin da ƙananan filayen birni ba su cika bayarwa ba. Inda tazarar ta gaza, a tafasa ruwan sha ko a sa masa magani, kuma a sa kuɗin hakan cikin lissafi, domin ya fi kuɗin jinyar amai da gudawa sauƙi.

Makamashin girki

A ƙauye kara da itace suna bayan gida. A Tarauni kuwa gas, gawayi da itace duk saye ne, wasu masu gidajen ma ba sa yarda a hura itace saboda hayaƙi da baƙin bango. Hanya mafi inganci ta sanin buƙatar gida ita ce uwargida ta rubuta ranar da aka cika tukunyar gas mai kilo 12.5 da ranar da ta ƙare, haka ma buhun gawayi. Idan tukunya tana yin wata guda ga mutum shida, to ga mutum goma ba za ta wuce kwana 18 ba. A gidan da mata biyu ko uku ke karɓar girki, ya kamata a daidaita tun farko ko murhu ɗaya za a yi ko kowace da nata, domin murhu biyu a kunne sun fi ɗaya ci ko da abincin bai ƙaru ba. Yawancin gidaje sun gano cewa haɗawa ta fi sauƙi: gas domin shayi, ɗumame da girkin gaggawa, gawayi kuma domin wake, tuwo da ruwan wanka a lokacin hunturu.

Shara, masai da kuɗaɗen unguwa

Hukumar REMASAB ce ke da alhakin kwashe shara a birnin Kano, ana kuma gudanar da tsaftar muhalli a ranar Asabar ta ƙarshen wata. Duk da haka, fitar da shara daga ƙofar gida zuwa wurin tarawa yawanci masu baro ne ke yi, ana biyansu a kowace ɗauka ko a wata. Zuba shara a kwata yana toshe magudana, idan damina ta yi ƙarfi a watan Agusta kuma ruwan gidan mai zubawar yake fara shiga. Ramin ban-ɗaki shi ma yana cika, kuma yana saurin cika idan mutane sun yi yawa, don haka a tambayi lokacin da aka yashe shi na ƙarshe.

Bugu da ƙari, unguwanni da dama suna da kuɗin 'yan sintiri na wata-wata, da karo-karon gyaran kwata ko lungu. Sabon mai tarewa ya je ya gaida mai unguwa, ya tambayi abin da ake bayarwa. Game da taransifoma kuwa, ka'idar NERC ita ce saye da gyaran taransifoma, turaku da wayoyi nauyin kamfanin rarraba wuta ne. Idan jama'a suka zaɓi su yi karo-karo domin gaggawa, ya kamata a yi yarjejeniya a rubuce da kamfanin.

Haɗa lissafin wuri guda

Domin a ga yadda abin yake, ga lissafin gidan da muka yi misali da shi. Farashin fetur, gas da jarka da aka sa a nan ƙaddarawa ce domin koyon lissafi, kowa ya sa na ranar da yake ciki.

A tsohon gida: wuta naira 19,000; ruwan saye jarka 8 a rana, naira 24,000; gas kilo 12.5 a kan naira 1,200 kowane kilo, naira 15,000. Shara naira 2,000. Jimilla naira 60,000 a wata.

A sabon gida: wuta naira 56,000, fetur lita 30 a kan naira 900, naira 27,000, gas kilo 25, naira 30,000, ruwan saye na kwana biyar da inji bai yi aiki ba, naira 10,000, shara da sintiri naira 5,000, ajiyar gyare-gyare naira 10,000. Jimilla naira 138,000 a wata.

Bambancin ya kai naira 78,000 a wata, wato naira 936,000 a shekara, kuma ko sisi daga ciki ba ya cikin kuɗin hayar da dillali ya ambata. Idan aka tuna cewa mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Jihar Kano ta amince da shi a watan Oktoba na 2024 naira 71,000 ne, za a ga cewa ƙarin kaɗai ya haura albashin ƙaramin ma'aikaci.

Watanni kuma ba ɗaya suke ba. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan kai digiri 40, fanka da firiza ba sa hutawa, ruwa yana tsada. A hunturu wuta tana raguwa, amma dafa ruwan wanka yana ƙara cin gas da gawayi. Watan azumi da bukukuwan Sallah suna ƙara girki, ƙanƙara da baƙi. Ya kamata a gina kasafi a kan wata mafi tsada, abin da ya ragu a watanni masu sauƙi a ajiye shi. Manomi ko ɗan kasuwar amfanin gona da kuɗinsa ke shigowa da kaka, ya ware na watanni goma sha biyu tun lokacin, a asusu na daban ko a adashi, kafin hidimomi su cinye.

Sannan akwai kuɗin da ake kashewa sau ɗaya wajen tarewa: ƙarin ƙwayayen fitila da fankoki, wanke tanki, gyaran famfuna da makunnai, wataƙila da babbar tukunyar gas. Shi ma a rubuta shi daban, kada a ɗebe shi daga kuɗin cefane.

Idan gida na haɗaka ne

Yawancin rigingimun da ke zuwa gaban masu unguwanni a kan wuta da ruwa sun samo asali ne daga gidan da iyalai biyu ko uku ke amfani da mita ɗaya, ko 'yan'uwa da ke zaune a gidan gado. Raba kuɗi daidai wa daida ba adalci ba ne idan wani yana da firiza da na'urar sanyaya ɗaki, wani kuma fanka ɗaya gare shi. Ruwa a raba shi bisa yawan mutane, wuta kuma bisa na'urorin da kowa ke da su, ta hanyar lissafin yunit da aka nuna a sama. Inda hali ya yi, kowane sashe ya nemi mitarsa, ko a sa ƙaramar mitar ƙidaya a kowane sashe. A naɗa mutum ɗaya mai riƙe littafi da rasit, kuma a tsayar da ranar biya a wata. Yin haka tun ana shiri ya fi a bari sai zumunci ya ɓaci.

Kira ga shugabannin al'umma da jami'ai

Dagatai da masu unguwanni, musamman na garuruwan da jama'arsu ke yawan komawa birni, suna da rawar da za su taka wajen faɗakarwa tun kafin mutum ya sayar da gona ko dabbobi ya biya haya. Idan aka gayyace su shaidar yarjejeniyar haya, ya kamata su tabbatar an rubuta lambar mita da abin da ta nuna ranar tarewa, da matsayin bashin wuta da na ruwa, da wanda zai gyara injin ruwa, da wanda zai yashe ramin ban-ɗaki. Waɗannan layuka huɗu suna kashe rigima tun ba ta taso ba.

Idan kuma ƙorafin a kan bil ne ko mita, tsarin da NERC ta shimfiɗa shi ne a fara kai shi a rubuce ga sashen sauraron ƙorafi na kamfanin rarraba wuta, a karɓi shaidar an kai. Idan ba a warware ba, a wuce zuwa ofishin sasanci na hukumar. Jami'ai su nuna wa jama'a wannan hanya, su kuma gargaɗe su da kada su ba kowa kuɗi a hannu ba tare da rasit ba.

Kammalawa

Neman gida mai yalwa domin iyali abu ne mai kyau, yara su sami wurin kwana daban, tsofaffi su sami hutu. Abin da ake jan hankali a kai shi ne, Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a miƙa kuɗi ga dillali, magidanci ya zauna da uwargida da takarda da alƙalami, su ƙirga fitilu da fankoki da ban-ɗakunan gidan, su fitar da yunit da jarka da kilo, su ninka da farashin ranar. Idan abin da ya fito zai taɓa kuɗin abinci, makaranta ko magani, to gida mai ɗakuna uku da za a iya riƙewa ya fi mai biyar da za a tashi daga cikinsa da bashi bayan shekara guda.